Ruwan Bola da Ƙarafa Masu Guba: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda aka tara shara aka bar ta ruwan sama yana dukanta, akwai wani baƙin ruwa mai wari da ke taruwa a gindinta. Wani yana malala a fili a gan shi, mafi yawa kuma yana nutsewa cikin ƙasa ba mai lura. A ƙasa mun tattaro tambayoyin da mutane suka fi yi game da wannan ruwa, musamman ƙarafa masu guba da yake ɗauke da su, da abin da suke yi wa jikin ɗan Adam.

Mene ne ainihin ruwan bola, kuma daga ina yake fitowa?

Tushensa biyu ne. Na farko ruwan sama da ke ratsa tulin shara daga sama zuwa ƙasa. Na biyu danshin da ke cikin sharar kanta, wanda ke tsiyayowa yayin da kayan da ke ruɓewa suke narkewa, nauyin na sama kuma yana matse na ƙasa. Tulin bola kamar soso yake: yana shan ruwa har ya ƙoshi, daga nan duk ɗigon da ya shiga ta sama sai wani ya fita ta ƙasa, amma wanda ya fita ya riga ya kwaso duk abin da zai iya narkarwa a hanyarsa.

Abin da ke cikinsa ya haɗa da ruɓaɓɓun abubuwa, gishiri iri-iri, sinadarin amoniya mai yawa, ragowar magunguna da man inji da fenti, sai kuma ƙarafa. Yawan sharar ma ba wasa ba ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa garuruwan duniya sun fitar da shara tan biliyan 2.01 a shekarar 2016, aƙalla kashi ɗaya bisa uku kuma ba a sarrafa ta yadda ya kamata ba. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, fiye da kashi 90 cikin 100 a fili ake jibge ta.

Waɗanne ƙarafa ake nufi, me kuma ya kai su cikin shara?

Waɗanda suka fi tayar da hankali su ne dalma, zaiba, kadmiyam, kuromiyam da asenik. Bayansu akwai nikel, jan ƙarfe da tutiya. Jiki yana buƙatar ɗan kaɗan na jan ƙarfe da tutiya, sai sun yi yawa suke cutarwa. Amma dalma da zaiba da kadmiyam ba su da wani amfani a jiki ko miskala zarratin.

Mu muke kai su da hannunmu. Batirin mota yana ɗauke da dalma kilo da dama. Gilashin tsohon talabijin mai ƙaton baya shi ma cike yake da ita, haka tsohon fenti da lanƙin da ake haɗa wayoyin cikin na'urori da shi. Kadmiyam yana cikin wasu batura masu caji da wasu launukan fenti da roba. Zaiba tana cikin dogayen ƙwayayen fitila masu farin haske, da tsohon ma'aunin zafin jiki, da wasu ƙananan baturan agogo. Kuromiyam yana zuwa daga sharar masana'antun jima da na shafa wa ƙarfe ƙyalli. Katakon da aka jiƙa da magani don kada gara ta ci, wani irinsa yana ɗauke da asenik da kuromiyam da jan ƙarfe a lokaci guda.

Kayan lantarki su ne suka fi saurin ƙaruwa. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bisa ƙa'ida.

Shin kowace bola tana zubar da waɗannan ƙarafa da yawa?

A'a, kuma nan ne ya kamata a tsaya a fahimta, domin ana yawan yin kuɗin goro a kan wannan magana.

Bola tana da matakan rayuwa. Da farko, ƙwayoyin bakteriya suna cinye iskar da ta maƙale cikin shara, wannan ba ya daɗewa. Daga nan sai a shiga matakin tsami: ruɓewa ba tare da iska ba tana haifar da asid, ruwan ya yi tsami, tsamin kuma shi ke narkar da ƙarfe. A wannan lokaci, wanda kan ɗauki watanni zuwa 'yan shekaru, ruwan bola ya fi ɗaukar ƙarafa. Bayan haka wasu ƙwayoyin na daban suna karɓar aiki, suna cinye asid ɗin suna fitar da iskar gas mai kamawa da wuta. Tsamin ya ragu, sinadarin farar wuta da ke cikin sharar ya kama ƙarafan ya mayar da su wani abu mai wuyar narkewa, wasu kuma su manne a jikin ruɓaɓɓiyar sharar.

Saboda haka ne masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Denmak, cikin wani nazari da suka wallafa a 2002, suka nuna cewa a bolar da aka binne kuma ake kula da ita, ƙarfen da ke fita cikin ruwa ɗan ƙanƙani ne in an kwatanta da wanda ke binne, kuma amoniya ce ta fi daɗewa tana ɓata ruwa. Wannan gaskiya ce mai sanyaya rai, amma tana da sharaɗi. Ƙarafan ba su ɓace ba, an ɗaure su ne kawai. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Dalmar da aka binne yau tana nan bayan shekara ɗari biyar, abin da ke canzawa shi ne ko tana ɗaure ko ta kwance.

To in haka ne, ina haɗarin yake?

Yana wurin da sharaɗin ya karye, kuma a yawancin duniya a karye yake.

Bolar da ke buɗe ba ta samun wannan kwanciyar. Kullum ana zuba sabuwar shara a kan tsohuwa, don haka kullum akwai sashen da ke cikin matakin tsami. Iska tana shiga ta ko'ina, in ta shiga kuma sai ta kwance ƙarafan da farar wuta ta ɗaure. Ga wuta. Idan aka ƙone shara, zaiba tana tashi cikin hayaƙi, sauran ƙarafan kuma su taru a cikin toka, ruwan farko da ya sauka ya wanke tokar zuwa kwata da rafi. Sannan a irin wannan bola babu mai tsaron ƙofa: sharar gida da ta asibiti da ta masana'anta duk rami ɗaya suke shiga. Motar laka guda daga masana'anta tana iya kawo ƙarfen da sharar gidaje dubbai ba za ta kawo ba. Wurare irin su Agbogbuloshi a birnin Akara na ƙasar Gana da Guiyu a ƙasar Sin sun yi ƙaurin suna ne saboda fasa kayan lantarki da ƙona wayoyi a fili, kuma gwaje-gwaje sun nuna dalma mai yawa a ƙasar wuraren da jinin mutanen da ke wurin.

Akwai wata hanya da mutane da yawa ba su sani ba. Wani lokaci gubar da ta ɓata rijiya ba daga cikin bolar ta fito ba. Ƙasa da duwatsu da yawa suna da asenik tun asali, manne a jikin tsatsar ƙarfen da ke cikinsu. Idan ruwan bola ya nutse ya cinye iskar da ke cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, tsatsar tana narkewa ta saki asenik ɗin. Ke nan bolar da babu asenik a cikinta tana iya jawo shi cikin ruwan sha. Irin wannan narkewar, ko da yake ba bola ce ta haddasa ta ba, ita ce ta sa miliyoyin mutane a Bangaladash suka sha asenik daga rijiyoyin burtsatse.

Yaya gubar ke isa rijiya, kuma nisa nawa take iya tafiya?

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafiya, sai dai a hankali, daga tudu zuwa gangare. Ruwan bola in ya isa gare shi sai ya bi shi, ya miƙe ta ɓangare guda. Shi ya sa rijiyar da ke kusa amma ta saman tudu kan tsira, wadda ke nesa amma ta gangare kuma ta ɓaci.

Saurin ya danganta da irin ƙasa. Yumɓu yana riƙe ruwa, yana kuma kama ƙarafa. Rairayi da tsakuwa suna sakin hanya. Dutse mai tsaga ya fi kowanne muni, domin ruwa yana bi ta tsagar ba tare da ya tacu ba. A bololin da aka bincika, mafi yawan gurɓatar ɗaruruwan mitoci take kaiwa, gishiri da amoniya a gaba, ƙarafa suna biye a baya domin ƙasa tana riƙe su. Amma sannu ba ta hana zuwa. Rijiyar da aka gwada aka same ta lafiya shekara biyar da suka wuce ba lallai ta kasance lafiya yau ba, kuma yawan jan ruwa da famfo yana iya janyo gurɓatar zuwa inda da ba ta nufa ba. Babu wani adadin mitoci da za a ce daga nan an tsira a ko'ina.

Ruwan rijiyarmu garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma waɗannan ƙarafa ba sa sa shi tsami ma. Dalma da kadmiyam da asenik, a adadin da ke cutar da mutum, ba su da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwan da ya yi wari ko ya canza launi ya yi maka gargaɗi. Wanda ya yi garau bai faɗa maka komai ba.

Wane adadi ne ake ɗauka ya wuce ƙima?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha iyaka a kowace lita: dalma maikirogiram 10, asenik 10, kadmiyam 3, zaiba 6, kuromiyam 50, nikel 70. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Don a ga ƙanƙantar abin, giram ɗaya na dalma in ya narke ya isa ya kai lita 100,000 na ruwa bakin iyaka.

A kula, iyakar dalma da ta asenik na wucin gadi ne. An tsaya a kan 10 ne saboda wahalar aunawa da tacewa ƙasa da haka, ba don an tabbatar 9 ba ya cutarwa ba.

Me ya sa kullum ake ambaton yara in ana maganar dalma?

Domin su ne suka fi shan wahalarta, kuma ɓarnar da take yi musu ba ta gyaruwa. Ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da babba. Yana wasa a ƙasa, yana kai hannu baki, ƙwaƙwalwarsa kuma tana tsakiyar ginuwa. Jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin kalsiyam, ya shigar da ita inda kalsiyam ke aiki, har cikin ƙwaƙwalwa da ƙashi. Yaron da ke fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki ya fi saurin tsotse ta, wato talauci yana ninka cutar.

Idan ta yi yawa sosai ana ganin ciwon ciki, amai, farfaɗiya, suma, har mutuwa. Amma wannan ba shi ne ya fi yawa ba. Wanda ya fi yawa shi ne yaron da ba ya ciwon komai a ido, sai dai ya yi jinkirin magana, ba ya riƙe karatu, ba ya iya zama wuri ɗaya, yana da saurin fushi. A gida a ce ba ya ji, a makaranta a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Wannan shi ne abin da ya fi sosa rai a cikin lamarin gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. Rahoton Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, har kimanin miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ko ta wuce. Bola ba ita kaɗai ce sanadi ba, amma fasa tsofaffin batura ba bisa ƙa'ida ba yana cikin manyan dalilai.

Mai ciki ma tana cikin haɗari. Dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana yarinya tana iya fitowa cikin jini lokacin goyon ciki ta ratsa zuwa ga ɗan tayi. Ga manya kuwa, tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda.

Sauran ƙarafan fa?

Kadmiyam ƙoda yake nufa, in ya shiga kuma sai ya yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Duniya ta san sharrinsa ne daga yankin Toyama na ƙasar Japan, inda ruwan ma'adinai ya gurɓata kogin Jinzu da ake ban ruwan shinkafa da shi. Mutane, galibi mata masu shekaru, ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi suna karyewa da ɗan motsi. Gwamnatin ƙasar ta amince kadmiyam ne sanadi a 1968.

Zaiba kuma sai ta shiga laka a gindin ruwa take zama mafi muni. Ƙwayoyin bakteriya suna canza ta zuwa wani nau'i da ke taruwa a jikin halittu: ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, mutum ya ci babba, a kowane mataki tana ƙara kauri. Abin da ya faru a Minamata ke nan, shi ma a Japan, inda aka gano cutar a 1956: makyarkyata, dusashewar gani, sarƙewar harshe, da jarirai da aka haifa da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Waɗannan biyu daga ma'adinai da masana'anta suka faru, ba daga bola ba, amma daga gare su aka koyi abin da ƙarafan ke yi.

Asenik yana fara bayyana a fata bayan shekaru: tabo-tabo, da kaurin tafin hannu da na ƙafa, daga baya ciwon daji na fata, huhu ko mafitsara. Kuromiyam iri biyu ne, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai tsananin guba. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa asenik, kadmiyam da wannan nau'in kuromiyam mai guba cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Ana noma kusa da bola, wasu ma suna kwasar ƙasarta a matsayin taki. Akwai matsala?

Akwai, kuma ga mutane da yawa wannan hanyar ta fi ta ruwan sha kawo musu guba. Ƙasar tsohuwar bola baƙa ce mai taushi, shuka tana sonta, domin tana da abinci. Amma tare da abincin akwai ɓaraguzan batir da tokar roba. Kadmiyam ya fi saurin shiga cikin tsiro, musamman kayan lambu masu ganye. Dalma ba ta cika hawa cikin tsiro ba, ta fi mannewa a saiwa da kuma ƙurar da ke kan ganye, don haka wankewa da ferewa suna rage ta, amma ba sa taɓa abin da ya riga ya shiga ciki. Dabbobin da ke kiwo a bola suna tara ƙarafan a hanta da ƙoda.

Takin da aka yi daga ruɓaɓɓen abin da aka ware tun daga gida daban yake da wanda aka tankaɗe daga bola. Na farko yana da kyau. Na biyu kuwa, in aka zuba shi a gona, ƙarfen da ya kawo ba ya barin gonar.

Idan na tafasa ruwan, ko na sa masa alif ko kulorin, zai gyaru?

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, ba ta cire ƙarfe. Hasali ma ruwa ne ke tashi ya bar ƙarfen, don haka daɗewa a wuta ƙara masa ƙarfi take yi. Kulorin shi ma na ƙwayoyin cuta ne. Alif yana kwantar da laka tare da ɗan abin da ya manne mata, amma ba abin dogaro ba ne ga wanda ya narke. Tace da ƙyalle ba ta yin komai.

Na'urar da ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai matsanancin ƙananan ƙofofi tana cire mafi yawan ƙarafan, haka ma ruwan da aka turara aka tattara tururinsa. Matatar gawayi ba kowace ce ke cire dalma ba, sai wadda aka yi ta domin haka, kuma in ba a canza ta a kan lokaci ba ta daina aiki ba tare da ta nuna alama ba. Idan gwaji ya nuna rijiya ta gurɓace, abin da ya fi shi ne a canza ruwan sha da na girki, musamman na haɗa abincin jarirai. Wanki da shara ana iya yi da shi.

Yaya ake gwada ruwa?

Sai a ɗakin gwaje-gwaje mai na'urar auna ƙarafa. 'Yar na'urar hannu da ake tsoma wa a kofi ta nuna lamba gishirin ruwa kawai take aunawa, ba ta ganin dalma. Duk da haka tana da amfani guda: tunda gishiri ke riga ƙarfe isowa, in lambar rijiya ta fara hawa wata bayan wata, alama ce ruwan bola ya kusanto.

A karɓi kwalba daga masu gwajin, domin akan ɗiga mata asid don kada ƙarfen ya manne a jikinta. A ambaci ƙarafan da ake so a auna ɗaya bayan ɗaya, a haɗa da amoniya. A gwada da damina, a sake da rani. Zai fi kyau maƙwabta su haɗu su gwada rijiyoyi da yawa, har da ɗaya da ke nesa ta saman tudu don kwatance. Sakamakon rijiya ɗaya ana iya musanta shi, amma na rijiyoyi goma da ke nuna gubar tana ƙaruwa yayin da ake matsowa kusa da bola yana da wuyar kawar da kai a gaban hukuma.

Idan ina zargin yarona ya kamu fa? Akwai magani?

Gwajin jini ne ke nuna dalma. Asenik da kadmiyam an fi duba su a fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar in dalma ta kai maikirogiram 5 a desilita a nemo tushenta a raba yaron da shi. Wannan shi ne babban maganin. Akwai magungunan da ke kama ƙarfe su fitar da shi ta fitsari, ana kuma ba yara su in adadin dalma ya kai wajen maikirogiram 45 a desilita, a ƙarƙashin kulawar likita kawai, domin suna iya wahalar da ƙoda su kuma fitar da sinadaran da jiki ke buƙata. Suna ceton rai, amma ba sa mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa. A guji masu tallar haɗe-haɗen wanke jini daga guba. Wasu irin waɗannan haɗe-haɗen an sha samun dalma a cikinsu.

Masu tsintar kaya a bola, me za su yi tunda nan ne abincinsu?

Ba a ce wa mai neman halal ya bar sana'arsa ba tare da an ba shi wata ba, kuma aikinsu yana rage sharar duniya ƙwarai. Amma akwai abubuwan da ke rage cutar: kada a ƙona waya don fitar da jan ƙarfe, a fere ta, kada a fasa batir a zubar da ruwansa a ƙasa ko a narka dalmarsa a tukunya, kada a ci abinci a wurin aiki ba tare da wanke hannu da sabulu ba. Mafi muhimmanci, kayan aiki da takalmi su tsaya a waje, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Yara da yawa da ba su taɓa taka bola ba sun kamu ne daga ƙurar rigar mahaifinsu. Yara da masu ciki kuwa bai kamata su yi wannan aiki ba sam.

Yaya ake gina bolar da ba ta ɓata ruwa?

Ana fara ta ne daga zaɓen wuri: nesa da fadama da rafi, inda ruwan ƙasa ke da zurfi. A dokar Amurka ta 1991, ana daɓe gindin ramin da yumɓu mai kaurin kusan santimita 60, a shimfiɗa roba mai ƙarfi a kai, wadda in irin mai taurin ce kaurinta ya kai milimita 1.5. A kan robar a zuba tsakuwa da bututu masu ɓuli da ke tattara ruwan, ba a kuma barin ya taru fiye da santimita 30. Kowace rana ana rufe sabuwar shara da ƙasa. A kewayen wurin ana haƙa rijiyoyin sa ido, ana gwada ruwansu a kai a kai. Tarayyar Turai ta kafa tata dokar a 1999, ta kuma raba bololi gida uku, ta hana haɗa shara mai haɗari da ta gida.

Ruwan da aka tattara ana zuba masa farar ƙasa, ƙarafan su kwanta su zama laka, sannan a bi da shi ta tafkunan da ake hura wa iska don rage amoniya, wani lokaci a ƙare da tacewa ta fata. Ciyayi irin su jema suna taimakawa wajen riƙe ƙasa da tsotse wani abu. Sai dai lakar da ta kwanta da ciyawar da aka yanke su ma sun zama shara mai guba, dole a san inda za a kai su.

In an rufe bola an daina zuba shara, magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba. A Amurka doka ta wajabta kula da wurin na shekara 30 bayan rufewa, masana da yawa kuma suna ganin hakan ma bai isa ba, domin roba tana tsufa, ƙarfe kuwa ba ya tsufa. Babban kuskure shi ne a manta, gari ya faɗaɗa, a yanka filaye a kai. Haka aka yi a unguwar Love Canal ta jihar Niyok, inda aka gina makaranta da gidaje a kan ramin da wani kamfani ya binne sinadarai kimanin tan 21,000 da kuma kewayensa. A 1978 aka fara kwashe iyalai, abin da ya haifar da dokar tsabtace gurɓatattun wurare ta 1980. Duk mai sayen fili a gefen gari ya tambayi abin da wurin yake shekara ashirin ko talatin da suka wuce, tun kafin ya haƙa rijiya.

Wa ke da alhakin gyara, kuma me mutum ɗaya zai iya yi?

Akwai yarjejeniyoyi: ta Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, ta Bamako ta 1991 da ta haramta shigo da irinta Afirka, da ta Minamata ta 2013 kan zaiba. Sun taimaka, amma takarda ba ta daɓe gindin bola. Nauyin yana kan hukumomin gari da ke zaɓar wurin zubar da shara, da masana'antun da ya kamata su sarrafa lakarsu da kansu, da kamfanonin da ke ƙera batir da na'urori, waɗanda a ƙasashe da dama doka ta tilasta musu karɓar kayansu in sun mutu.

Tsabtace ruwan ƙarƙashin ƙasa bayan ya ɓaci aiki ne na shekaru da dukiya mai yawa, sau da yawa ma ba ya yiwuwa gaba ɗaya. Hana batir shiga kwandon shara kuwa minti ɗaya ne. Kayan da ke kawo mafi yawan ƙarafan ba su da yawa, kuma an san su. Batirin mota ko na sola da ya mutu a mayar da shi ga dillalin da ke kai wa masana'antar narkarwa mai rajista, da ruwansa a ciki, ba a huda ba. Ƙananan batura a tara su a busasshiyar roba mai murfi inda yara ba sa kaiwa. Ƙwan fitila mai zaiba a naɗe shi kada ya fashe. In ya fashe a buɗe tagogi, a fitar da yara, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba. Inda babu wurin karɓar irin waɗannan kaya, wannan ita ce buƙata ta farko da ya kamata mazauna unguwa su kai wa hukumar tsabtar gari a rubuce, tare da neman a riƙa gwada rijiyoyin da ke kewaye da bola ana bayyana musu sakamakon.